Tallan Wasannin Telebijin a Sarari: Sharhi Daga Ƙasar Zangon Daura

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shirya wasan kwaikwayo domin a nuna a telebijin, aiki biyu ne a gabansa. Na farko shi ne shirya wasan kansa, na biyu kuwa shi ne sanar da jama'a cewa ga shi an shirya. Manazarta adabin Hausa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan aikin farko, watau jigo da zubi da salon wasanni, amma na biyun an ƙyale shi kamar babu abin nazari a cikinsa. Alhali kuwa wasan da ba a san da shi ba, komai kyansa, daidai yake da wanda ba a shirya ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a yi sharhi a kan irin tallan da ake yi wa wasannin telebijin a sarari, watau a bakin hanya da kasuwa da tasha da jikin bango, musamman wanda ya kauce wa hanyar da aka saba ta kafa babban allo a rubuta suna da lokaci. An zaɓi ƙasar Zango ta masarautar Daura domin a auna maganar a kanta, saboda da yawa daga cikin masu kallon wasannin Hausa a irin waɗannan garuruwa suke, ba a Kano ko Kaduna inda ake shirya wasannin ba. Abin da sharhin zai nuna shi ne, tallan sarari yakan yi tasiri ne gwargwadon yadda ya bai wa baki abin da zai ɗauka ya kai gaba. Ido shi ke fara aikin, amma a ƙasar Hausa harshe ne ke ƙarasa shi.

2.0 Zango: Garin da Kalmar

Zango ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina, tana iyaka da Jumhuriyar Nijar, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da dubu 150. Tana da matsayi babba a tarihin Daura. Lokacin da jihadi ya iso a farkon ƙarni na 19, Sarkin Daura Gwari Abdu ya bar birni, daga baya zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango, wani reshe kuma a Ɓaure. Daga Zango ne Turawa suka ɗauko Malam Musa a 1906 suka mayar da shi gadon sarautar Daura. Yawancin mutanen ƙasar manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, kuma zirga-zirga tsakaninsu da 'yan'uwansu na tsallaken iyaka daɗaɗɗiya ce.

Ita kanta kalmar "zango" tana da abin da za ta koyar a nan. A asali, zango shi ne inda ayarin fatake ke yada kaya su huta kafin su ci gaba da tafiya. A irin wannan wuri ne labari ke sauya hannu: wanda ya fito gabas ya faɗi abin da ya gani, wanda zai yi yamma ya ɗauka ya tafi da shi. Abin sha'awa kuma, da masu shirya wasanni masu dogon labari suka nemi kalmar da za su kira kowane babban kashi na wasa, wannan kalma suka ɗauko, shi ya sa ake jin "zango na ɗaya", "zango na biyu". Sun yi dacen kalma, domin wasa mai dogon zango tafiya ce, kuma a kowane mako akwai yiwuwar wani ya fice daga ayarin ko wani sabo ya shigo. Aikin talla ke nan, ya shigo da sabo, ya kuma hana tsoho ficewa.

3.0 Talla a Gargajiyance

Kafin a yi hukunci a kan tallan zamani, ya kamata a tuna cewa Bahaushe ya daɗe da sanin talla, kuma tallansa na asali duk a sarari ake yin sa. 'Yar talla takan ɗauki tire ta bi lungu-lungu tana kiran sunan hajarta da wata irin murya mai karin sauti, har matan da ke cikin gida su gane ta tun ba su gan ta ba. Mai maganin gargajiya yakan shimfiɗa kayansa a kasuwa, ya tara jama'a da ban dariya da kirari, wani ma har da maciji ko kura, sa'an nan ya kawo maganar magani. Idan sarki ko hakimi na da saƙo, sankira ko mai shela ne zai bi gari, ya fara da jawo hankali, ya faɗi wanda ya aiko shi, ya faɗi saƙon, ya maimaita.

Akwai kuma masu wasa waɗanda wasansu shi ne tallan kansa. 'Yan kama sukan yi shigar malamai su riƙa kwaikwayon karatu alhali maganar abinci suke yi. Yaran da ke tashe a watan azumi sukan yi shiga iri-iri su bi gida-gida, kuma tun daga nesa shigar ke sanar da irin wasan da za a yi.

Da Turawan mulkin mallaka suka zo da majigi, a kan wannan turba suka ɗora shi. Sunan majigi ya samo asali ne daga sunan wata fitilar nuna hotuna ta Turawa, kuma tun daga shekarun 1930 aka fara yawo da shi a Nijeriya domin wayar da kai a kan tsafta da lafiya. Daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da aika motocin majigi garuruwa da ƙauyuka, ana nuna finafinai irin su "Baban Larai" mai koyar da noman zamani. Motar takan iso da rana, ta zagaya gari da lasifika, yara na biye da ita. Kafin magariba babu gidan da bai ji ba. Bayan isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, wani ma'aikaci yana fassara hotunan da Hausa.

Idan aka lura, duk waɗannan hanyoyi sun yi tarayya a abubuwa huɗu. Suna da murya, ba hoto kaɗai ba. Suna zuwa inda mutane suke, a lokacin da suke taruwa. Suna ɗanɗana wa mutum kaɗan daga cikin abin da ake tallatawa. Sa'an nan suna faɗin wuri da lokaci dalla-dalla. Da waɗannan abubuwa huɗu za a auna tallan wasannin telebijin.

4.0 Yadda Wasan Telebijin ke Isa Zango

An buɗe gidan telebijin na farko a Nijeriya a Ibadan a 1959, na Kaduna kuma a 1962, kafin gwamnatin tarayya ta haɗa gidajen a ƙarƙashin hukumar NTA a 1977. A shekarun 1970 da 1980 ne wasannin Hausa suka yi tashe a akwatin telebijin, irin su "Samanja Mazan Fama" na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, da "Karambana" na Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017. A wancan zamani wasa bai bukaci wani talla mai yawa ba. Tasha ɗaya ce ake kamawa, akwatunan kuma ƙalilan ne, saboda haka duk gidan da ke da akwati yakan cika da yaran unguwa, washegari kuma su ne za su riƙa kwaikwayon maganar Samanja a makaranta da dandali. Da yawa daga mutanen karkara sun san sunan Samanja tun ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Yanzu al'amarin ya sauya. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, tana watsa shirye-shiryenta da Hausa ta tauraron ɗan'adam. Ita ce ta kawo "Daɗin Kowa" a 2015 da "Kwana Casa'in" a 2019, sa'an nan "Labarina" na Aminu Saira ya biyo baya a 2020. A shekarar 2020 ɗin ne kuma "Izzar So" na Lawan Ahmad ya yi suna ta hanyar YouTube. Wasanni sun yi yawa, masu kallo sun rarrabu, don haka kowane wasa sai ya yi kokawa kafin a waiwaye shi.

A gari irin Zango, wasa kan iso ta ƙofa uku. Akwai gidajen da suka kafa faifan tauraron ɗan'adam, waɗanda kallonsu ya dogara da samun wutar lantarki ko janareto ko na'urar hasken rana. Akwai gidan kallo, inda ake biyan kuɗi kaɗan a shiga, ko da yake ƙwallon ƙafa ta fi cin kasuwa a can. Ta ukun, wadda ta fi sauran faɗi, ita ce wayar hannu: mutum ya je shagon masu tura finafinai, ya ba da 'yan kuɗi, a zuba masa sabon kashi a katin wayarsa, ya je gida ya kalla shi da iyalinsa. Duk tallan da bai yi la'akari da waɗannan ƙofofi uku ba, yana kiran mutane ne zuwa ɗakin da bai nuna musu ƙofarsa ba.

5.0 Abin da Ake Gani a Bakin Hanya

Tallan da aka fi sani shi ne fosta, watau takarda mai launi da ake liƙawa a bango. An gaje ta ne daga gidajen silima masu nuna finafinan Indiya, sai kuma masu finafinan bidiyo na Kano suka ɗauka bayan fitowar "Turmin Danya" a 1990. Tsarinta kusan ɗaya ne ko'ina: fuskokin 'yan wasa a jere, babba a tsakiya, sunan wasa da manyan baƙaƙe, sunayen masu shiryawa da ƙanana. Amfaninta shi ne tana nuna wa wanda ya riga ya san 'yan wasan cewa gwaninsa na ciki. Rauninta kuwa ya fi yawa. Ba ta faɗin komai game da labarin, ba ta da abin da mutum zai maimaita wa wani, kuma a bangon da fostocin 'yan siyasa da na masu magani suka cika, ido ya riga ya koyi wucewa ba tare da tsayawa ba. Damina ɗaya ko lokacin zaɓe ɗaya ya isa ya shafe ta.

Abin mamaki shi ne, tallan da ya fi aiki a irin wannan gari ba masu wasannin ne ke yin sa ba, kuma ba a biyan kowa a kansa. Na farko shi ne allon gidan kallo. Baƙin allo ne ko katako, a jingine a bakin ƙofa, an rubuta da alli abin da za a nuna yau da ƙarfe nawa. Ba shi da ado, amma ya cika sharuɗɗa biyu da fosta ta kasa cikawa: yana sauyawa kullum, don haka ido ba ya gajiya da shi, kuma yana tsaye daidai ƙofar da za a shiga.

Na biyu shi ne shagon masu tura finafinai da cajin waya. Mai shago yakan juya fuskar kwamfutarsa waje, ya ƙure lasifika, ya saki sabon kashi na wasa. Masu wucewa su tsaya, yara su yi cincirindo, wani ya tambaya wane wasa ne, wani daga cikin taron ya ba shi labarin tun daga farko. Wannan shi ne magajin majigi na gaskiya. Akwai murya, akwai ɗanɗano, kuma hajar na nan a hannu. Sai dai akwai wani ƙulli a cikinsa da ya kamata a faɗa: wasan na samun suna, amma kuɗin da aka biya a shagon ba ya isa ga waɗanda suka kashe dukiyarsu suka shirya shi, kuma kallon da aka yi ta katin waya ba ya shiga lissafin YouTube ko na tashar telebijin. Saboda haka wasa na iya cika gari alhali a takardun masu shi kamar babu mai kallonsa a can.

Na uku shi ne abin da jama'a ke ɗorawa a jikin abin hawa da kuma a jikin junansu. Tun da daɗewa direbobin manyan motoci ke sa a zana musu hotuna da karin magana a bayan mota, 'yan acaɓa da masu Keke Napep kuma suna manna hotunan 'yan wasa da mawaƙa. Mafi ƙarfi duka shi ne laƙabi. Idan aka fara kiran wani magidanci mai yawan rigima da iyalinsa Kamaye, ko aka kira wani dattijo mai wayo Baba Ɗan Audu, to "Daɗin Kowa" da "Labarina" sun samu tallan da kuɗi ba ya saye. Wanda bai san wasan ba dole ya tambayi dalilin sunan, amsar da za a ba shi kuwa ita ce tallan.

6.0 Misalai Daga Ƙasashen Waje

A Turai da Amurka kamfanonin telebijin sun mayar da irin wannan talla sana'a, suna kashe kuɗi masu yawa a kai. Yana da kyau a duba misalai huɗu, biyu da suka dace da biyu da suka jawo fitina, domin daga na gaba ake gane zurfin ruwa.

A watan Yuli na 2013 mutanen wani gari mai suna Charmouth a bakin tekun kudancin Ingila suka wayi gari da wani ƙaton ƙoƙon kan dodo, mai tsawon ƙafa 40, yashe a kan rairayi. Kamfanin Blinkbox ne ya sa aka sassaƙa shi domin tallan wasan "Game of Thrones", wanda dodanni ke cikin labarinsa. Hikimar ita ce zaɓen wurin, domin wannan gaɓar teku ta shahara da tono ƙasusuwan halittun zamanin da, saboda haka abin ya zauna daram kamar can ne gidansa. Haka kuma a farkon 2020 gidan BBC ya kafa wani farin allo a Landan da Birmingham domin wasan "Dracula", labarin wani mai shan jini da ba ya fita sai dare. An kafe allon da turaku na katako. Da rana ba a ganin komai sai turakun, amma da duhu ya shiga aka kunna fitila daga gefe, sai inuwarsu ta haɗu ta zama fuskar dodon da haƙoransa. Allon ya yi irin halin wanda ake tallatawa, watau ya ba da labarin a taƙaice ba tare da dogon rubutu ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, ranar 31 ga Janairu, 2007, aka ga wasu 'yan akwatuna masu fitilu da wayoyi da batura a liƙe a gadoji da tashoshi a birnin Boston na Amurka. An sa su ne domin tallan wani wasan zane mai motsi na tashar Cartoon Network. 'Yan sanda suka zaci bama-bamai ne, aka rufe hanyoyi da wasu tashoshin jirgin ƙasa, gari ya rikice. Daga ƙarshe kamfanin da ya mallaki tashar da wanda ya shirya tallan suka biya diyyar dala miliyan 2, shugaban tashar kuma ya ajiye aiki. An liƙa irin waɗannan akwatuna a wasu biranen Amurka ba tare da hankalin kowa ya tashi ba, abin da ke nuna cewa talla ɗaya na iya zama wasa a wani gari ya zama tashin hankali a wani. Sa'an nan a watan Nuwamba na 2015 kamfanin Amazon ya lulluɓe kujerun wani jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York da alamomi masu kama da na gwamnatin Hitila, domin tallan wani wasa da ya ƙaddara cewa Jamus da Japan ne suka ci Yaƙin Duniya na Biyu. Jama'a suka yi ca, gwamnan jihar ya sa aka cire. Mai kallon wasa shi ya zaɓi ya kunna, amma fasinja bai zaɓi kujerar da aka tilasta masa zama a kai ba.

Akwai wani abu da sau da yawa ba a lura da shi a waɗannan misalai. Waɗanda suka ga ƙoƙon kan dodon da idonsu ƙalilan ne idan aka kwatanta da waɗanda suka ga hotonsa a jaridu da intanet. Watau an gina abin ne domin a ɗauki hotonsa a yaɗa. To, a Zango mai yaɗawa na farko shi ne baki, sai kuma saƙonnin murya da gajerun bidiyo na WhatsApp. Wanda ya kwaikwayi siffar tallan Turawa ya manta da wannan bambanci zai gane cewa kayan aro ba ya rufe katara.

7.0 Ma'aunin Tasiri

Kuskuren da masu talla suka fi yi shi ne auna nasara da girman taro. Taro ba shi da wuyar haɗawa, ko faɗa aka yi a kasuwa sai an taru. Ma'aunin da ya dace yana da matakai huɗu, kowanne ya fi na bayansa wuya. Mataki na farko, an ga abin? Na biyu, an yi zancensa bayan an bar wurin, kuma an ambaci sunan wasan a cikin zancen? Na uku, wanda ya ji zancen ya san inda zai samu wasan, kuma yana da halin samu? Na huɗu, bayan ya kalli kashi ɗaya, ya dawo neman na gaba?

Fosta takan tsaya a mataki na farko. Abin ban mamaki wanda ba shi da alaƙa da labarin yakan kai rabin na biyu, a yi ta zancensa amma a manta da sunan wasan. Mataki na uku ya dogara da abubuwan da suka fi ƙarfin mai talla, kamar wutar lantarki da kuɗin data. Na huɗu kuwa ba aikin talla ba ne sam, aikin marubucin wasan ne. Talla alkawari ne, alkawari kuwa kaya ne, idan wasan ya kasa sauke shi, bakin da ya yaɗa yabo shi zai yaɗa zagi, kuma da sauri fiye da na farko.

Idan aka bi wannan ma'auni, ana iya hasashen abin da zai dace da ƙasar Daura. Ranar kasuwa ta fi kowace rana, domin mutanen ƙauyuka da dama sukan haɗu su watse da labari, kuma kasuwa irin ta Mai'aduwa da ke ci ranar Lahadi tana tara mutane har daga Nijar. Lokacin Sallar Gani a Daura ma haka ne, muddin an nemi izinin masu gari, an kuma tsaya nesa da abin da ya shafi ibada da martabar fada. Ɗan gajeren wasa na minti biyar a bakin tasha, wanda aka yanke shi daidai inda rigima ta ƙulle, sa'an nan mai shela ya faɗi rana da tasha da shagon da za a samu ci gaba, zai fi fosta ɗari aiki. Amma duk abin da ya yi kama da faɗa na gaske, ko sata, ko ɗaukar makami, ko ajiye wani ƙunshi da ba a san mai shi ba, bai kamata a kusance shi ba a jihar da jama'arta suka sha fama da matsalar tsaro. Haka nan sha'anin kunya. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina dandalin shirya finafinai a Kofa ta Jihar Kano bayan malamai da wasu jama'a sun nuna adawa, wannan kuwa ya isa ya nuna cewa harkar fim tana tafiya ne a kan siraɗi. Hoton da zai wuce a Legas yana iya sa magidanci a Zango ya hana iyalinsa kallon wasan baki ɗaya.

8.0 Harshen Talla

Saura maganar harshe, wadda ita ce ta fi shafar wannan mujalla. Sau da yawa akan ga fostar wasan Hausa, sunan wasan da Hausa, amma bayanin rana da lokaci da Turanci, ga kuma ƙ da ɗ da ɓ an rubuta su babu lanƙwasa. Wannan raini ne ga mai karatu, kuma asara ce ga mai talla. Dattijai da matan aure da almajirai da yawa a karkara sun fi sakewa da ajami a kan boko. Har yanzu da ajami aka rubuta darajar takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Ban da haka, Bahaushen Nijar da ya yi makarantar boko da Faransanci ya yi ta, amma allon da ya karanta a tsangaya iri ɗaya ne da na ɗan'uwansa na Zango. Layi ɗaya na ajami a ƙasan talla yana tsallake iyakar da Turanci ba zai tsallake ba.

Sunayen wasannin kansu sun nuna cewa masu shiryawa sun san daɗin Hausa. "Kwana Casa'in" suna ne mai sa tambaya: kwana casa'in kafin me? "Daɗin Kowa" sunan gari ne wanda kowa zai iya ɗauka nasa ne. Abin da ya rage shi ne a kai wannan gwaninta cikin tallan, a gina shi a kan kirari ko karin magana ko tambaya mai ƙulli, irin maganar da za ta zauna a bakin yaro da direba da mai shayi.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan sharhi ya nuna cewa abin da ake kira sabon salon talla a sarari, Bahaushe ya daɗe da saninsa a bakin 'yar talla da mai shela da motar majigi. Ya kuma nuna cewa a gari irin Zango, allon gidan kallo da lasifikar mai shago da laƙabin da jama'a ke liƙa wa juna sun fi fosta tasiri, saboda suna haifar da zance kuma suna kusa da ƙofar samun wasan. Misalan ƙasashen waje sun tabbatar da cewa ban mamaki na amfani ne idan ya fito daga cikin labarin kuma ya dace da wurin da aka ajiye shi, idan ba haka ba ya koma abin biyan diyya.

Ya rage ga masu shirya wasanni a Kano da Kaduna su daina ɗaukar mutanen karkara a matsayin waɗanda labari zai iske ko ba a aika musu ba. Idan suka je musu da harshensu, a ranar kasuwarsu, suka kuma samo hanyar da za su yi sulhu da masu shagunan tura finafinai ta yadda kowa zai samu rabonsa, to, wasa zai samu masu kallo, mai wasa kuma ya samu abin da zai shirya zango na gaba.